MAKAƊI A MAIYAMA, MAWAƘI A KANO

Jama'a, a 'yan shekarun nan wani sabon al'amari ya shigo cikin sha'anin kiɗa da waƙa, wanda muka ga ya kamata mu yi magana a kansa tun bai wuce mu ba. Watau yanzu yana yiwuwa mawaƙi ya zauna a Jega, mai haɗa sauti kuwa yana ɗakin aikinsa a Kano, su yi aikin waƙa guda tare ta hanyar intanet, kowa na jin abin da ɗan'uwansa ke yi. Dabarar ta daɗe, amma ba ta bazu sosai ba sai a 2020, sa'ad da annobar korona ta tsare mutane a gidajensu. A 2021 har mashahurin ɗakin ɗaukar waƙa na Abbey Road da ke Landan ya sayi kamfanin Audiomovers, wanda aikinsa ke nan, aika sauti tsantsa daga wannan ɗaki zuwa wancan. To, abin da manya suka zuba kuɗinsu a kai, bai kamata mu ɗauke shi wasan yara ba.

Me ya kawo wannan magana ƙasar Gwandu? Ga dalili. Tun da aka fara sana'ar fim ɗin Hausa a Kano wajen 1990, galibin ɗakunan ɗaukar waƙa can suka taru. Yaron Aliero mai murya, in yana son a ji shi, tilas ya yi tafiyar wuni, ya biya mota, ya biya masauki, ya biya ɗaki. In ya isa kuma, da wuya ya tarad da kalangu ko kotso ko gurmi, sai fiyano da ke kwaikwayonsu. Ta haka waƙa ta tafi birni ta bar makaɗi a ƙauye. Ƙasar da ta fid da marigayi Gambu na Fagada, ta kuma yi maƙwabtaka da gidan su Ɗandawo a Yawuri, ba ta rasa hannu ko murya ba. Hanya ta rasa.

Amma kada a ruɗe mu da daɗin baki. Aikin nan hawa uku ne, kuma ba duka ne muke iya hawa yau ba. Na farko, makaɗi ya ɗauki kiɗansa ya aika, a ɗora murya a kai daga baya. Wannan kowa na iyawa. Na biyu, mai haɗa sauti na aiki, mawaƙi na saurare daga nesa yana cewa a ɗaga nan, a sassauta can. Ko sautin ya yi ɗan jinkiri a hanya, babu abin da ya ɓaci. Na uku shi ne mai wuya, watau a kaɗa a amsa tare a lokaci guda.

Ga inda wuyar take. Sauti na tafiya cikin iska kamar mita 340 a sakan ɗaya. Masana sun lura makaɗa biyu na iya riƙe kiɗa ɗaya muddin jinkirin da ke tsakaninsu bai wuce kashi 25 zuwa 30 cikin 1,000 na sakan ba, watau kamar su tsaya mita 10 tsakani. Kiran da muke yi ta WhatsApp kuwa jinkirinsa yakan ninka wannan sau uku ko fiye, sa'an nan yakan matse sautin ya zubar da zaƙinsa. Duk wanda ya taɓa sauraron Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya san yadda 'yan amshi ke cafe waƙa daga bakin ubangidansu tun bai rufe ba. In amshi ya makara ko da ƙiftawar ido ne, waƙa ta watse. An ƙago dabarun rage jinkirin, kamar JackTrip da aka fara a Jami'ar Stanford ta Amurka, kuma kyauta ake samunta. Sai dai tana bukatar intanet ta waya mai ƙarfi da wutar da ba ta ƙyaftawa, ba wayar hannu da ake ɗagawa sama ana neman sabis ba.

Saboda haka shawararmu uku ce. Ta farko, a fara da hawa na farko da na biyu, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da ɗalibai masu koyon aikin kwamfuta da lantarki. Me zai hana a keɓe ɗaki guda, a toshe shi daga hayaniya, a sa masa wutar rana da waya mai kyau, makaɗan Jega da Maiyama su riƙa zuwa suna biyan ɗan abin da ya sawwaƙa? Ɗalibai su sami wurin gwaji, makaɗa su sami kasuwa.

Ta biyu, a rubuta yarjejeniya kafin a taɓa ganga. Sautin da ya bar Aliero ya sauka Kano, ba ya komowa. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta san da mai waƙa, ta san da wanda ya kaɗa, amma doka ba ta taimakon wanda ba shi da shaida. A nan ne muke kira ga malaman ofis na ƙananan hukumomi da na masarauta. Makaɗi da yawa ba su karanta boko. Ku zauna da su, ku rubuta wanda ya yi me, da rabon kowa, da ranar, a sa hannu gaban shaidu.

Ta uku ga malaman makaranta take. Ku ne kuka san tsofaffin makaɗan garuruwanku, na noma da na dambe da na fada. Ku kai su a ɗauki hannunsu tun suna da ƙarfi, a rubuta sunayensu da taken da suka kaɗa.

Mun san wasu za su ce ƙasar da ke neman taki da rumbun adana albasa, ina ruwanta da ɗakin kiɗa? Maganarsu da ƙamshin gaskiya, ba mu kuwa ce a bar gona a kama ganga ba. Amma ɗaki guda ba zai ci kuɗin taki ba, sa'an nan saurayin da ya sami abin yi a garinsu ya fi wanda ya tafi birni yana kwana a tasha. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Abin da muke gudu shi ne a sake rawar, a wayi gari babu makaɗinmu ko ɗaya a filin. Allah ya sa masu iko su duba.