Tsoro Daban, Haɗari Daban

Ya ku yara, a arewa maso yamma da ƙasar Ingila akwai wani gari a bakin teku, sunansa Blackpool. A can akwai wani babban filin wasa wanda aka kafa tun shekarar 1896. Sa'ad da aka aike ni kwas Ingila, wani malami abokin karatuna ya kai ni wurin ran wata Asabar. A nan na fara ganin abin da Turawa su ke kira rola kosta. Mu sai mu ce da shi jirgin hawa da gangara.

Jirgin nan 'yan taragai ne marasa rufi, an haɗa su kamar jirgin ƙasa. Amma dogonsa ba a ƙasa ya ke ba. An ɗora shi bisa ginshiƙai, ya hau sama, ya gangaro, ya karkata dama, ya karkata hagun, har ya komo inda ya tashi. Babbansu a filin nan an buɗe shi a 1994. Tsawonsa sama ya kai ƙafa 213, watau kusan bene mai hawa 20, gudunsa kuwa ya kan kai mil 74 a sa'a.

Da muka shiga, mai tsaro ya ce in cire hulata. Raina ya ɗan ɓaci, amma na cire. Ya saukar da wani ƙarfe ya danne mini cinya, ya jijjiga ya ji ya kama. Sai jirgi ya soma hawa a hankali, ƙarar, ƙarar, ƙarar. Na duba ƙasa, ga mutane sun zama kamar tururuwa, ga teku shimfiɗe har iyakar ganin ido. Zuciyata ta riƙa bugawa kamar ana kiɗan kalangu. Na ce a raina, “Malam, me ya kai ka?”

Ban rufe baki ba sai jirgi ya sunkuya. Kai, yara, abin sai wanda ya gani! Iska ta cika mini baki, na ji kamar cikina ya rabu da ni ya tsaya a sama. Ni da ke hana almajirai surutu a aji, ran nan na fi kowa ihu. Cikin minti 3 an gama. Na sauko ƙafafuna suna rawa, ina ta dariya. A nan na gane dalilin cire hula, gama da tuni ta faɗa teku. Kafin magariba sai da na sake hawa sau 2.

To, da na komo gida na ba da labari, sai wani dattijo ya ce, “Wannan ai ganganci ne. Ina amfanin mutum ya biya kuɗi don a tsorata shi?” Maganarsa abar dubawa ce, gama ganganci mugun hali ne. Amma ni a ganina akwai bambanci tsakanin tsoro da haɗari. Ku saurara in gaya muku abin da ya sa na ce haka.

Jirgin da na hau ba shi da inji a jikinsa. Sarƙa ce ta ke jan shi zuwa kan tudu na fari, sa'an nan ta sake shi. Daga nan ƙarfin nan da ƙasa ta ke jawo kowane abu da shi, wanda ya ke sa mangwaro ya faɗo daga itace, shi ne ke tafiyar da jirgin. Gudun da ya samu a gangara shi ke hawar da shi tudu na biyu. Amma iska da gugar ƙafafu a kan dogo suna rage masa ƙarfi kaɗan kaɗan, don haka tilas kowane tudu na gaba ya kasa na fari tsawo. Kun san haka a lilo: in ba a ƙara tura ku ba, ba za ku wuce inda aka sake ku ba.

Me ya hana shi tashi daga kan dogo? Ƙafafunsa iri 3 ne. Waɗansu suna bisa dogo, waɗansu a gefe, waɗansu kuma a ƙarƙashi, sun riƙe shi kamar yadda hannu ke riƙe sanda. Wani Ba'amurke, John Miller, shi ya yi rajistar dabarar ƙafafun ƙarƙashi a 1919. Birki kuwa a jikin dogo ya ke, ba a hannun fasinja ba. Kowace safiya ma'aikata su kan bi su duba jirgin kafin a bar kowa ya hau.

Wannan dabara ba rana ɗaya aka same ta ba. Shekaru fiye da 300 da suka wuce mutanen Rasha su kan gina tudu na katako, su lulluɓe shi da ƙanƙara, su riƙa sulalowa. Shi ya sa har yau Faransawa su ke kiran jirgin nan duwatsun Rasha. A 1884 LaMarcus Thompson ya gina nasa a Coney Island ta Amurka, gudunsa mil 6 kaɗai a sa'a, ko keke ya fi shi. A 2010 kuwa aka buɗe wani a Abu Dhabi mai gudun mil 149 a sa'a. Kun ga aikin ilmi ke nan, kowa ya ɗora a kan abin da na gabansa ya bari.

Ban ce ba a taɓa yin haɗari a irin jiragen nan ba. An yi, ko don wani abu ya lalace, ko don wani ya yi sakaci, ko don fasinja ya ƙi bin doka. Saboda haka a kan auna tsawon yaro kafin a bar shi ya hau, don kada ya zame ta ƙarƙashin ƙarfen. A kan kuma gargaɗi mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu kada su hau.

Yanzu ku dubi yaron da ya ke maƙalewa a bayan babbar mota tana gudu. Shi ba ya jin tsoro ko kaɗan, har yana ɗaga wa abokansa hannu. Amma ba ƙarfen da ya riƙe shi, ba wanda ya duba masa, direba ma bai san da shi ba. Ni na ji tsoro mai yawa, haɗarina kuwa kaɗan ne. Shi bai ji tsoro ba, ga shi a bakin kabari. Tsakanina da shi, wa ya yi ganganci?

Don haka, ya ku yara, in Allah ya kai ku irin wurin nan, ku nemi izinin iyayenku, ku bi abin da mai tsaro ya ce, ku hau ku sha daɗi. Wanda bai so ba kada ku tilasta shi, kada kuma ku yi masa ba'a. Jin tsoro ba abin kunya ba ne. Jarumi shi ne wanda ya ke tambaya, “Yaya abin nan ya ke aiki? Me zai tsare ni?” In ya sami amsa mai gamsarwa ya ci gaba, ko da gabansa yana faɗuwa. In bai samu ba ya ja da baya, ko da ana yi masa dariya.

Tambayoyi

1. Me ke tafiyar da jirgin bayan sarƙa ta sake shi?
2. Don me tudu na fari ya fi sauran tsawo?
3. Mene ne bambanci tsakanin tsoro da haɗari? Kawo misali daga garinku.