Gaɓar Argin da Masu Cin Uwar Kuɗi

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyar da tsuntsu a sama da kifi a ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa malamai da fatake, babu wanda bai san shamuwa ba. In ta sauka a kan tsamiyar gari sai manomi ya gyara fartanya, kuma ko yaro ba ya jifanta. In kaka ta yi, ta ɗebi 'ya'yanta ta nufi kudu. To, yau ina so in ba ku labarin wani masauƙin tsuntsaye baƙi a bakin teku, da abin da kwaɗayi yake shirin yi masa, domin akwai wa'azi a cikinsa ga mai karatu da mai ciniki duka.

Wurin yana Muritaniya, watau ƙasar Shinƙiɗi wadda malamanmu suka sani saboda mahaddatanta da littattafanta. Tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, inda rairayin Sahara ya gangaro ya taɓa Tekun Atlantika, akwai wata gaɓa da ake kira Argin. Ruwanta ba shi da zurfi. Sau biyu a kwana da yini teku takan cika sa'an nan ta janye, abin da Larabawa ke kira maddu da jazru. In ta janye sai a ga fili na taɓo da ciyawar ruwa iyakar ganin ido, cike da tana da ƙaguwa da ƙananan halittu masu ɓawo irin na katantanwa. Wannan taɓon shi ne akushin baƙin da muke zance.

Daga ƙarshen damina suke fara isowa, su yi hunturu duka a nan, sa'an nan su tashi wajen Afrilu da Mayu su koma ƙasashen ƙanƙara inda suke ƙwai. An sha ƙidaya su an sami fiye da miliyan 2. A cikinsu akwai wani da bai kai tantabara girma ba, wanda gabansa kan yi ja in lokacin aure ya zo. Daga arewacin Sibiriya ta ƙasar Rasha yake tasowa, ya yada zango a gaɓar Holan da Jamus ya yi ƙiba, kana ya miƙo Argin, tafiyar fiye da kilomita 8,000. Wane madugu ne ya taɓa kai ayari haka ba guzuri ba ja-gaba? Ban da baƙi akwai 'yan gida masu ƙwai a tsibiran wurin: kwasakwasa, da zalɓe, da wani mai baki kamar cokali, da dogon nan ja-ja da Larabawa ke kira nuham. Kififiyar teku ma takan taso daga tsibiran Bijagos na Gini Bisau ta zo kiwon ciyawa. Haka kuma kifaye iri-iri a nan suke renon 'ya'yansu kafin su fita babbar teku.

Akwai mutane a wurin, Musulmi masunta da ake kira Imragen, a cikin 'yan ƙauyuka kamar Iwik da Mamgar. Can da, in sanyi ya shigo wani kifi mai yawan ƙwai ya biyo gaɓa garke-garke, sai maza su shiga ruwa da ƙafa, taru a kafaɗa, su kewaye shi. A wasu lokatai dabbar ruwan nan da ake kira dulfin takan koro musu kifin zuwa gaɓa. Mata su shanya naman, su busar da ƙwan, su fid da man. Sukan ɗebi na shekara, saura ya wuce ya dawo baɗi. Gwamnatin Muritaniya ta keɓe wurin a 1976, faɗinsa murabba'in kilomita 12,000 tsakanin tudu da ruwa. Ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kiyaye fadamu a 1982, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1989. Doka ta bar wa Imragen kaɗai su a ciki, da jiragen katako ɗari da 'yan kai masu tafiya da iska, ta hana jirgin inji.

To, ina ɓarnar take? Ta farko ta shigo ne ta hannun ciniki. Wajen ƙarshen shekarun 1980 dillalai suka zo neman ƙegen kifin nan mai haƙora da Larabawa ke kira ƙirshu, saboda a ƙasashen Asiya ana miya da shi mai tsada. Naman kuma, da na danginsa masu faɗin jiki kamar faifai, a sa masa gishiri a busar a kai kasuwannin Ghana. Dillali ya ba da taru bashi, masunci ya biya da kifi, bashin kuwa ba ya ƙarewa. Alhali irin wannan kifi yakan yi shekaru kafin ya balaga, kuma 'ya'ya kaɗan yake haifa. A 2003 aka yi yarjejeniyar daina farautarsa, amma har yanzu yana faɗawa taru, domin muddin mai saye yana tsaye a gaɓa da kuɗi a hannu, takarda ba ta tsare ruwa.

Ta biyu tana bayan iyaka. Kifi bai san iyakar da gwamnati ta shata ba. Da zarar ya fita sai ya tarar da manyan jiragen ƙasashen waje. Tun wajen 2010 masana'antun niƙa kifi suka yawaita a Nuwadibu har suka kai gommai. Ƙananan kifayen da talakan Senegal da Muritaniya ke ci su ake niƙawa, kilo 4 zuwa 5 ya ba da kilo 1 na gari, a yi jigilarsa zuwa Sin da Turkiyya da Turai a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Ku duba fa, an cire loma daga bakin ɗan Adam da na tsuntsu gaba ɗaya an zuba wa dabbar wata ƙasa.

Ta uku ta tudu ce. A 2012 aka kafa garin Shami a kan hanyar mota kusa da iyakar wurin ta gabas, kuma bayan da neman zinariya ya ɓarke a 2016 sai ya zama matattarar masu niƙa dutse suna wanke shi da zaiba. Zaiba ba ta ruɓewa. Iska na iya kwasarta zuwa ruwa, ta shiga jikin kifi, ta ƙare a cikin wanda ya ci shi. Mu da muka ga yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani.

Ta huɗu ta fi ban mamaki, don daga nesa take. A 2016 masanan Holan da abokan aikinsu suka bayyana cewa ƙanƙarar Sibiriya tana narkewa da wuri saboda ɗumamar duniya, ƙwari su fito su wuce kafin 'ya'yan tsuntsun nan mai jan gaba su ƙyanƙyashe su ƙoshi. Sai su tashi ƙanana, da gajeren baki. In sun iso Argin bakin ba ya kai wa ga abincin da ke binne a taɓo, su koma cin saiwar ciyawa, da yawa su mutu. Hayaƙin da aka tayar a wata nahiya ya gajarta bakin tsuntsu a wata.

Na san wani zai ce, ai Allah Ya hore mana abin da ke cikin teku, kuma mai iyali ba ya jiran tsuntsu ya ƙoshi. Gaskiya ne su halal ne, kuma ba na ɗora laifin a kan talakan da ke tafiya da iska alhali masu inji suna kwasa da tan. Amma halaccin abu bai halatta almubazzaranci da shi ba. Malamai sun san ayar Suratul An'am da ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi. Sun kuma san babin hima a fiƙihu: Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina saboda dawakan Musulmi, Sayyidina Umaru kuma ya keɓe Rabaza. Ashe keɓe wuri don maslahar jama'a ba Turawa suka fara shi ba, kuma wanda ya keta shi ya ci haƙƙin mutane, har da waɗanda ba a haifa ba.

Ku kuma fatake, kun fi kowa sanin bambancin riba da uwar kuɗi. Wanda ya ci uwa yakan yi shekara ɗaya yana sa babbar riga, shekara ta biyu a gan shi yana dako a rumfar yaronsa. Kifin da ke haihuwa a Argin shi ne uwa, abin da ya fita teku shi ne riba. Saboda haka ra'ayina shi ne a riƙe dokar hana inji da ƙarfi, a rage masana'antun gari har sai mutane sun ƙoshi, a nisanta zaiba daga ruwa, a kuma saya wa Imragen kayansu da daraja don kada bashi ya kora su ga abin da aka hana. Mai sarin busasshen kifi kuma ya riƙa tambayar inda kayansa suka fito, kamar yadda yake tambayar wanda ya yanka naman da zai ci.

Kada mu ce Muritaniya da nisa. Fadamar Haɗeja da Nguru ita ma masauƙin baƙin tsuntsaye ce daga Turai, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke rayar da ita ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma suna ji a jikinsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ina roƙon malamai su sa wannan magana cikin karatun zaure da huɗuba, yadda yaron da aka hana jifan shamuwa zai girma ya san dalili. Allah Ya sa mu sauke amanar da muka ɗauka, Ya tsare mu da cin rabon jikokinmu, amin. Haza wassalamu.