Muryar Alhaji da ta dishe wata huɗu

Maƙwabcin rumfata a kasuwar Nima, mai sayar da hatsi, muryarsa ta dishe tun bayan ƙaramar Sallah. Muka ce ƙura ce da yawan ciniki. Ya sha citta da zuma, ya sha ƙwayoyin kemis, har wata huɗu. Ni da bakina na ce masa, "Haba Alhaji, kai da ba ka taɓa shan taba ba, me zai same ka a maƙogwaro?" Maganar nan har yau tana damuna.

Sai da tuwo ya fara tsaya masa a wuya ya je wani asibiti. Aka yanko ɗan nama aka auna, aka ce ba komai. A Korle Bu ne likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya zura masa siririyar kyamara ta hanci, ya sa aka ɗauki hoton CT, ya sake yankowa daga can ciki. Ashe sankara ce, irin da suke kira sarkoma.

Yawancin sankarar maƙogwaro daga fatar ciki take tasowa, taba da giya ke rura ta. Ita wannan daga tsoka ko guringuntsi take fitowa, a ƙarƙashin fata, kuma ba ta kai ɗaya cikin 100 ba. Shi ya sa yankan sama-sama yakan kuskure ta.

Jama'a, in dishewar murya ta wuce mako uku, a nemi likitan maƙogwaro, ko da awon farko ya fito lafiya.

An yi wa Alhaji tiyata. Ya dawo rumfa, amma ɗansa ne ke faɗin farashi yanzu, shi yana nuni da yatsa.