Kafin Ki Sayi Injin Buga Kati Mai Launi

'Yan'uwana mata, na ji wasunku a Bagudo suna shirin zuba kuɗin adashi a injin buga katin biki mai launi, irin na laser. Sana'a ce mai kyau. Amma kada arahar na gwanjo da ke shigowa daga Kwatano ta iyakar Tsamiya ta ruɗe ki.

Fara tambayar kuɗin garin tawadarsa. Launi huɗu yake ci: baƙi, shuɗi, ja da rawaya, kuma sabunta huɗun yakan kusa kai kuɗin injin. Ana samun irinsa a Birnin Kebbi ko Sakkwato? In babu, akwati kika saya. Sa'an nan da zafi yake manna garin a takarda, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa.