Kek ɗin tuffa: ba ƙwai, ba bota, ba lantarki

Yau maganar tuffa za mu yi, amma ba mai sheƙin nan da ake jerawa a saman tire ba. Ina nufin wanda yake ƙasan kwali, ya bugu, ya yi tabo, mai saye ya ɗaga ya juya ya ajiye. Duk matar da maigidanta ke sana'ar kayan marmari ta san shi, don gida yake dawowa da yamma, yara su gutsura su yar.

Tuffa ba abin yarwa ba ne a Sudan. Yawancinsa daga waje ake shigo da shi, na gida kuwa sai can Jabal Marra a Darfur, kuma hanyar ba irin ta da ba ce. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, Suk al-Arabi da muka sani a kewayen babban masallacin Khartum ta watse, mutanenmu da yawa suka kwashe ɗan abin da ya rage suka tsallaka Omdurman. Wanda ke sake ɗaura jari daga tushe, ko tuffa huɗu ya zubar sai ya ji a jikinsa. To huɗun nan su ne kek ɗinmu.

Asalinsa ma abincin ƙunci ne. A Amurka ya yi tashe lokacin yaƙin duniya, sa'ad da sukari da bota suka yi wuya. Dafaffen tuffa yana kawo zaƙi da danshi, yana kuma riƙe ƙullun, shi ya sa ba sai an fasa ƙwai ba.

Sai dai a kula. Tabon buguwa daban, ruɓa daban. Inda ya bugu ki yanke ki yar, sauran lafiya lau. Wanda ya yi fumfuna ko ya ruɓe har ciki, ki jefar da shi gaba ɗaya, don gubar fumfuna ba ta mutuwa da dafuwa. Nan kam babu tattali.

Ki fere tuffan, ki cire 'ya'yan, ki yanka ƙanana. Ki zuba a tukunya da ruwa kamar cokali 4 da ɗan matsin lemun tsami, ki rufe, wuta kaɗan-kaɗan, minti 15 zuwa 20. Idan ya yi luguf ki dame shi da ludayi, ki bari ya huce. Kofi ɗaya da rabi ake so. Ki zuba masa rabin kofi na man gyaɗa da rabin kofi na sukari. Na san maƙwabtanmu Sudaniyawa sun fi son man riɗi, amma ƙamshinsa danne tuffan yake yi. In akwai dabino, ki yayyanka kamar 6 ki rage sukarin. Ni na fi son sa haka.

A wani kwano ki tankaɗe fulawa kofi 2, bekin soda cokalin shayi 1, bekin hoda cokalin shayi 1, garin kirfa cokalin shayi 1, da ɗan gishiri. Tsamin tuffa da lemun nan shi ke tayar da sodar har kek ya kumbura, don haka da zarar kin haɗa busasshe da jiƙaƙƙe, kada ki tsaya hira. Ki juya har garin ya ɓace kawai, ki dakata. Yawan bugu ne ke sa shi tauri kamar tuwon jiya. Wata ta tambaye ni ko kanwa, wadda a nan suke kira atrun, za ta tsaya a madadin soda. A'a, 'yar uwa, ki bar ta wa wake.

Mai oba da gas, digiri 180, minti 35 zuwa 40. Mu sauran kuma sai dabarar iyayenmu ta Kano: babbar tukunya, a shimfiɗa yashi mai tsabta kamar kaurin yatsu biyu, a ɗora a kan gawayi a rufe minti 10 ya ɗauki zafi. Sannan ki shafa wa gwangwanin mai, ki zuba ƙullun bai wuce kashi biyu cikin uku ba, ki ɗora a kan yashin. Garwashi kaɗan a ƙasa, 'yan ƙwayoyi a kan murfi don saman ya yi ja. Kada ki buɗe kafin rabin awa, komai ƙamshin da ke kiran ki. Wajen minti 45 ki soka tsinke a tsakiya. In ya fito a bushe, ya yi.

Kek ne mai danshi, zafin Khartum kuwa yakan haura digiri 40, saboda haka ba firji kada ya wuce kwana biyu. Gwangwani ɗaya yana ba da yanka 12. Ki ajiye na yaran makaranta, ki naɗe wa maigida biyu ya sha da shayin safe a kasuwa. In mai shayin ta ɗanɗana ta tambayi wanda ya yi, ki lissafa kuɗin fulawa da mai da gawayi tukuna kafin ki faɗa mata farashi.