Sanin Halitta: Raƙumin Dawa da Wake

A Babbar Kasuwa ta Yamai ana auna wake tiya-tiya. Manomin da ya rasa iri, sai ya shiga ya saya, gona ta tashi. Amma ko a zagaye kasuwar kaf, babu rumfar da ake sayar da irin raƙumin dawa.

Su biyun nan suna haɗuwa a gonakin Kure, kilomita 60 daga Yamai. Can raƙuman dawa suke shiga gona su ci wake. Manomi ya fusata, kuma yana da gaskiya. Amma kafin ya ɗauki makami, ya kamata ya san bambancinsu.

Wake tsiro ne mai fure. Saiwarsa tana cikin ƙasa, ba ya zuwa ko'ina. Ganyensa ne ke haɗa masa abinci da hasken rana da ruwa da iska. Fure ya faɗi, kwanso ya fito, kwanso guda ya ba da ƙwaya goma ko fiye. Cikin wata uku an roɗe.

Raƙumin dawa dabba ce mai kofato. Kofatonsa a tsage yake kamar na saniya, kuma yana tuƙa kamarta. Ba ya iya haɗa abincinsa, sai ya yi tafiya ya nemi ganyen itatuwa irin su gawo. Macen ba ta haihuwa sai ta kai shekara huɗu ko biyar. Cikinta wata 15 ne. Ɗa guda take haifa, ta ba shi nono.

Ashe hasarar wake, damina guda take mayar da ita. Hasarar raƙuma guda kuwa sai shekaru. A 1996, kamar 50 suka rage a Nijar, saboda farauta da fari da saran itace. Da aka tsare su, a 2017 an ƙirga fiye da 600. A 2018 aka kai takwas Gadabeji cikin jihar Maraɗi. Irin nan ya ƙare a sauran ƙasashe. In ya ƙare a Nijar, babu inda za a samo wani.

Saboda haka a roɗe wake da wuri, a kwashe harawa a kai gida. In sun yi ɓarna, a shaida wa ma'aikatan gandun daji. Doka ta hana kashe su. Makiyayi ya fi kowa sani: wanda ya yanka uwa ya yanka garke.