Ɗalibi da watan azumi: wa ke da alhakin buɗa bakinsa?

A ƙauyukan karkarar Attantane, cikin gundumar Mayahi, manomi yakan sayar da damman gero ko buhun wake don ya haɗa wa ɗansa kuɗin mota zuwa jami'a, Maraɗi ko Yamai. Idan watan Ramalana ya kama, yaron da ya saba buɗa baki da kunun tsamiya a tsakar gidan uwarsa sai ya wayi gari a ɗakin da aka cunkusa su, yana lissafin dala-dala kafin a kira magariba. Wannan yaro shi ne gobe za mu kira likita, alƙali ko mushen lakwal. A yau kuwa, wa ya tambayi abin da ya ci da sahur?

Tun ranar 9 ga Fabrairu 1990, da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai, kowa ya san bashin da ƙasar nan ta ci a wurin ɗalibanta. Jininsu na cikin abin da ya buɗe ƙofar babban taron ƙasa na 1991 da siyasar jam'iyyu da yawa. Amma gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, kukan bai canza ba: jinkirin biyan bursi, ƙarancin wurin kwana, dogon layi a ɗakin cin abinci. Cikin watan azumi kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli takan ninka. Daga 2021 zuwa 2023 azumi ya ratsa Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai da Maraɗi, kuma malamai suka ci gaba da darasi da jarrabawa.

Ɓangarori biyu muke tuhuma, ba kuma za mu sassauta wa kowa ba.

Na farko su ne wasu 'yan bokonmu, waɗanda da zarar an ambaci azumi sai su ɗaga yatsa su ce gwamnati ba ruwanta da addini. To, mu ma a benci ɗaya muka zauna, mun kuma karanta abin da suka karanta. Gaskiya ne tsarin mulkin 1992 ya ce ƙasa ba ta wani addini ba ce, na 2010 kuma ya yi maganar raba ƙasa da addini. Amma wa ya ce a tilasta wa wani azumi? Maganar ita ce lokacin dafa abinci. Abincin ɗalibi an riga an kasafta shi cikin kuɗin ƙasa. Idan mafi yawan masu cinsa ba sa cin komai da rana har wata guda, hankali ya nuna a maida rabonsu zuwa magariba da asuba, a kuma bar tukunyar rana don Kirista da marar lafiya da duk wanda shari'a ta ɗauke wa azumi. Wannan aikin akawu ne da mai dafuwa, babu wata fatawa a ciki.

Na biyu su ne masu sadakar gaban kamara. Mun san su. Sukan iso da kwalin sukari da dabino, 'yan jarida na biye, a ɗauki hoto, da dare a gani a talabijin. Washegari ɗalibi ya koma kan garin rogo. Kyautar yini ɗaya ba ta ciyar da mai azumin kwana 29 ko 30. Kuma abin da ya fi muni, irin wannan kyauta takan zo da igiya a wuyanta: yau jam'iyya, gobe wata ƙungiya mai neman mabiya. Ɗalibin da yunwa ta kora wurin mai neman amfani da shi, kada gobe a yi mamakin inda ya ƙare.

Sai kuma baƙinmu, waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta kafa, ta buɗe ƙofofinta a 1986, kuma ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama ke karatu a cikinta. A Maraɗi, ban da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, akwai jami'ar Maryam Abacha da aka kafa a 2013, inda 'yan Najeriya suka yi yawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, har sai da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024. A tsawon waɗancan watanni ɗalibi baƙo ya ga abin da ake nufi da nisa da gida. Wanda ke son misalin da ya fi wannan tsanani, ya tuna yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, ya rutsa da dubban ɗaliban Afirka a Khartum. Namu 'ya'yan na Maroko da Aljeriya da Sakkwato da Zariya. Yadda muke so a riƙe su can, haka ya kamata mu riƙe na wasu a nan.

Ciki kaɗai ma bai isa ba. Jami'a wuri ne na haɗuwar al'adu, kuma daren azumi ya fi kowane lokaci dacewa da hakan. Me zai hana a shirya buɗa baki na tare, Bazabarme da Babarbare da ɗan Cadi da ɗan Benin a tabarma ɗaya, Kirista ma a gayyace shi? Me zai hana bayan asham a yi muhawara da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a baje kolin rubutun ajami, a yi wasan kwaikwayo irin na tashe? Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta AEMN da ƙungiyar USN duka suna da ƙarfin shirya wannan, idan an ba su zaure da wuta da ɗan abin kashewa.

Ga abin da muke nema. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta biya bursi kafin a ga wata. Hukumomin kula da jin daɗin ɗalibai su bayyana jadawalin sahur da buɗa baki a rubuce, a manna a bango. Shugabannin tsangayoyi su ajiye jarrabawa da safe. Alhazan Maraɗi da Tasawa da Mayahi, waɗanda Allah Ya hore wa zuwa umara shekara-shekara, su kafa asusu ɗaya mai littafin shiga da fita da kowa zai iya dubawa, baƙo da ɗan gida su ci daidai.

Ku ma'aikatan gwamnati, yawancinku kun ci abincin jami'a kafin ku ci albashi. Ku 'yan kasuwa, wannan ɗalibi ne zai duba muku takardun duwan, ya kuma duba lafiyar iyalinku. Manomin Attantane ya riga ya biya nasa kason da geronsa. Saura ku.